Na samu gurbi a Jami'ar Legas, kuɗina kaɗan ne: zan iya kuwa?

Wani matashi daga Funtuwa ne ya aiko da tambaya. Ya ce ya samu gurbin karatu a Jami'ar Legas, kuma bai taɓa wuce Kaduna ba. Abin da gida suka iya haɗa masa naira dubu 600 ne, har da kuɗin rajista a ciki, sai dubu 25 da mahaifinsa ya ce zai riƙa turowa duk wata in Allah ya hore. Yana da kawu a Agege da ya ce ya je ya zauna wurinsa. Ya tafi, ko ya haƙura ya sake JAMB ya nemi makaranta kusa da gida?

Ƙanena, Allah ya sanya albarka. Ka tafi. Amma tsarin da ke ranka yanzu, wato ka sauka wurin kawu ka riƙa zuwa makaranta daga can, shi ne zai fara cinye kuɗin nan kafin komai. A Ikko, wato Legas, ba abinci ne ke karya ɗalibi ba. Abu biyu ne: nisan da ke tsakanin shimfiɗarsa da ajinsa, da kuma kuɗin da ake cewa a biya a dunƙule tun kafin ya san gari.

Mu fara da maganar kawu. Jami'ar tana Akoka, a yankin Yaba, bakin ruwa. Agege tana can arewacin birnin. Daga Agege sai ka hau mota zuwa Oshodi, ka sake wata zuwa Yaba, sannan ka hau ta cikin makaranta. Hawa uku zuwa, uku dawowa. A ƙaddara ranar ta ci maka naira 2,500. Kwana 22 na karatu a wata ya kama dubu 55, wato ya ninka abin da Baba zai turo har da ɗori, ba ka ci ko loma ba. A wata takwas na zangon karatu biyu, dubu 440 ke nan. Ɗakin kyauta ya zama ɗakin da ya fi kowanne tsada. Ga kuma lokaci: mai lacca ƙarfe takwas sai ya bar Agege da idar da sallar asuba, in aka yi ruwa ko tirela ta lalace a hanya, awa biyu ba komai ba ce. Akwai jirgin ƙasa na cikin gari da ya fara aiki a 2024, daga Agbado zuwa Oyingbo, yana tsayawa a Agege da Yaba, kuma ya rage wahala sosai, sai dai yana da lokutansa, ba shi zai jira laccarka ta ƙare ba.

Wannan ba ya nufin ka ƙi kawu. Ka sauka wurinsa mako biyu ko uku na farko, lokacin rajista. Wurinsa ne za ka ajiye kayan abincinka, can za ka yi hutun ƙarshen mako da na sallah, shi ne kuma zai tsaya maka in mai gida ya ce sai ka kawo wanda ya san ka. Ka je masa da tsaraba, ka gaya masa tun ranar farko cewa za ka nemi ɗaki kusa da makaranta saboda kuɗin mota, don kada ya ga kamar ka raina gidansa. Da a ce Jami'ar Jihar Legas da ke Ojo ka samu, kawun kuma yana Alaba Rago, da lissafin ya sha bamban, don nan kusa ne. Haka mai karatun likita, bayan shekarar farko a Akoka zai koma Idi-Araba, inda unguwar Hausawa ke maƙwabtaka da asibitin koyarwa.

Kafin ka hau mota, akwai aikin da ya fi sauƙi a gida. Ka shimfiɗa takardunka a tabarma ka karanta sunanka a kowace ɗaya, harafi bayan harafi: ta JAMB, ta WAEC ko NECO, ta NIN, ta BVN, takardar haihuwa, da ta shaidar ƙaramar hukuma. Nan ne yaranmu da yawa ke tuntuɓe. A wata an rubuta Muhammad, a wata Mohammed. A wata sunan uba ne a gaba, a wata sunan gari ya zama sunan ƙarshe. Ranar haihuwa a wata 1 ga Janairu, a wata kuma daban. Ma'aikacin tantancewa ba ruwansa da cewa duk kai ne, na'ura kuma ta fi shi taurin kai. Gyaran da za ka yi a ofishin NIMC, hukumar da ke ba da NIN, ko kotun garinku cikin 'yan kwanaki, a Legas zai iya cinye maka makonni da kuɗin mota. Ka tabbata ka karɓi gurbin a shafin CAPS, inda JAMB ke ba da gurbi, ka fitar da takardar shaidar samun gurbi ta JAMB. Ka yi kwafi shida na kowace takarda, hoton fasfo dozin biyu, ka ɗauki hoton komai ka tura wa kanka ta imel. Na asali su zauna cikin leda mai zif a jakar da ke jikinka, ba a but ɗin mota ba.

Kuɗin makaranta kuma kada ka karɓi adadinsa daga bakin wanda ya gama kafin 2023, domin a shekarar an ninka shi sau da yawa har ɗalibai suka yi zanga-zanga. Ka duba shafin jami'ar da kanka, ka biya ta hanyar da shafin ya nuna kawai. Duk wanda ya tare ka a bakin ƙofa ya ce kawo ya biya maka da sauri, ka ce masa ka gode.

Yanzu ga rabon dubu 600 ɗin. A ƙaddara rajista da kuɗin sashe da gwajin lafiya da sauran ƙananan biye-biye sun ɗauke dubu 200. Ka cire kuɗin mota na zuwa. Sannan ka ware kuɗin motar komawa gida ka sa a wani asusu daban wanda ba ka yawo da katinsa. Wannan kuɗin ba na taɓawa ba ne, ko da za ka kwana da yunwa. Dalili: a 2022 malaman jami'o'i sun yi yajin aiki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma in aka rufe makaranta ko aka yi rasuwa a gida, wanda ba shi da kuɗin mota shi ne ke komawa roƙo a tasha. Abin da ya rage, wajen dubu 300, shi ne na makwanci da cin wata biyu na farko.

Makwanci mafi araha shi ne ɗakin kwanan ɗalibai na makaranta, irin su Jaja da Mariere da El-Kanemi na maza, ko Moremi da Amina na mata. Kuɗinsa na shekara bai kai rabin na waje ba, ga wuta da ruwa, ga aji a tafiyar ƙafa. Matsalar ita ce gadajen ba su kai yawan ɗalibai ba ko kusa, ana raba su ne ta intanet a rana da sa'ar da aka sanar, kuma cikin ɗan lokaci suke ƙarewa. Abin da ke kayar da sabon ɗalibi a nan yawanci shi ne bai gama biyan kuɗin makaranta da rajistar darussa ba kafin ranar, ko kuma bai ma ji sanarwar ba. To ka gama rajista da wuri, ka shiga zauren WhatsApp na 'yan sashenku tun kana gida, ranar rabon kuma ka zauna inda sabis ke da ƙarfi tun kafin lokaci ya yi. Za ka ji ana sayar da gado a bayan fage da ninkin kuɗi, za ka kuma ji ana raɓawa a ɗakin wani. Duk biyun sun saɓa dokar makaranta, in aka yi samame kai da mai gadon za ku shiga matsala, kuma gadon da aka sayar maka sunan wani ke kansa.

In ba ka samu ba, sai haya a unguwannin da ke zagaye da makarantar: Abule Oja, Onike, Iwaya, Akoka kanta, Bariga, Ilaje, Shomolu. Ma'aunin ɗaya ne: za ka iya takawa da ƙafa zuwa ƙofar makaranta cikin rabin awa? In e, ɗakin ya cancanci a duba. Kai kaɗai kam ba za ka iya kama ɗaki da wannan kuɗin ba, kada ma ka gwada. Ku haɗu ku uku.

Ga yadda hayar Legas take, don ba irin ta gida ba ce. Kuɗin shekara ake biya gaba ɗaya. A kansa akwai la'adar dillali, wanda can suke ce wa ejen, da kuɗin rubuta yarjejeniya, da kuɗin ajiya da mai gida ke riƙewa ko za ka ɓata wani abu. Bisa al'ada la'ada kashi 10 ce, yarjejeniya kashi 10, amma a ƙananan ɗakuna sukan yanka abin da ya fi haka. Ɗakin da aka ce maka dubu 300, in ka sa dubu 30 sau uku, ya zama dubu 390 kafin ka sayi ko tabarma. Ku uku, kowa dubu 130. Shi ya sa tambayar da za ka yi wa dillali ba "nawa ne ɗakin" ba ce, "nawa zan biya gaba ɗaya kafin a miƙo mini makulli" ce. In mai gida ya ce sai shekara biyu, ka sani dokar haya ta jihar ta 2011 ta hana karɓar fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya a waɗannan unguwanni. Ba sai ka yi gardama ba, ka wuce gaba, domin ɗalibin da yajin aiki ke iya korarsa gida bai da dalilin ɗaure kuɗinsa shekara biyu.

Damfarar haya sana'a ce a can, kuma baƙo ake jira. Wani zai tura maka hoton ɗaki mai kyau tun kana Funtuwa, ya ce mutum uku na layi, ka turo rabi a riƙe maka. Kada ka tura ko sisi. Wani zai karɓi kuɗin zagaye ya yi ta yawo da kai gidajen da ya san ba za ka so ba, gobe ya sake karɓa. Mafi muni shi ne gidan da ba a gama gininsa ba, a karɓi kuɗin mutum goma a kan ɗaki ɗaya, ranar tarewa ku haɗu a ƙofa kuna kallon juna. Maganinsu: ka shiga ɗakin da ƙafarka, ka ga mai gidan ko wakilinsa da 'yan hayar gidan suka tabbatar maka, ka biya ta banki cikin asusun da sunansa ya yi daidai da wanda ke kan yarjejeniya, ka karɓi rasit da makulli a zama ɗaya, kawu ko wani babba yana wurin.

In ka shiga duba ɗaki, kada fenti ya ɗauke maka hankali, bango za ka kalla daga ƙasa. In ka ga wani layi mai duhu ya zagaye ɗakin a tsayin idon sawu ko gwiwa, ko sabon fenti a ƙasa kawai, ko an gina ɗan dakali a bakin ƙofa da sai ka tsallaka, to ruwa na shiga. Unguwannin nan suna kwance ne a bakin ruwa, damina kuma tana da ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli, ta ɗan lafa a Agusta, ta dawo Satumba da Oktoba. Wanda ya kama ɗaki a Janairu ba zai gane ba sai daren da ya farka ya ga bokitinsa na yawo. Ka tambayi mai shagon da ke kusa, ba dillali ba. Ka ɗebi ruwan gidan a kofi ka sansana, ka ga ko ja ne ko yana da gishiri. Ka ƙirga ɗakuna ka ƙirga banɗaki: ɗaki goma sha biyu da banɗaki ɗaya yana nufin layi tun ƙarfe biyar. Ka tambayi wuta: mita mai kati ce ko bil na ƙiyasi, akwai tsohon bashi a kanta, mutum nawa ke raba ta, kuma layin wane rukuni ne, domin tun Afrilun 2024 'yan rukunin A suna biyan sama da naira 200 a kan kowane yunit. Maƙwabci ɗaya mai firiza da dutsen guga zai iya sa ku biya abin da ba ku sha ba. Akwai kuma kuɗin shara da na masu gadin layi duk wata, ƙanana ne amma ba sa yafuwa.

Abokan ɗakin nan, ka zaɓe su da ido biyu. Ku rubuta a takarda wa ya biya nawa, me zai faru in ɗaya ya tashi a tsakiyar shekara, da ko baƙo na iya kwana. Abin kamar rashin yarda ne, amma shi ke hana zumunci lalacewa a wata na biyar. Inda za ka same su: masallacin jami'a, ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN, wadda a Legas ɗin ma aka kafa ta a 1954, da ƙungiyar ɗaliban jiharku ko ta 'yan arewa. Kirista kuma zai sami irin wannan a zumuntar ɗalibai ta cocinsa. 'Yan ajin ƙarshe da ke shirin tashi su ne suka san ɗakin da za a tashi a bari kafin dillali ya ji, kuma su ke sayar da fanka da tukunya da teburin karatu da arha. Katifa ce kawai ban yarda ka saya ta hannu ba, saboda kuɗin cizo. In suka shiga ɗaki, sai kun yi asarar da ta fi kuɗin sabuwar katifa.

Sai ciki. Ka zo da abin da ya fi arha a gida kuma ba ya lalacewa: garin kunu, garin ɗanwake, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, wake kwano uku ko huɗu, shinkafa 'yar gida in akwai. Garin rogo da manja kada ka ɗauko, garinsu za ka je. Amma ka san iskar Legas jiƙaƙƙiya ce. Garin da zai yi wata shida a buhu a Funtuwa, can cikin mako uku zai dunƙule ya yi fumfuna, wake kuma ƙwari su huda shi. Komai ya shiga roba mai murfi ko jarka busasshiya da ke rufuwa gam, a ɗora a kan katako, ba a ƙasan siminti ba. Wake ka zuba masa busasshen barkono a ciki, in rana ta fito ka shanya.

A kasuwarsu ba za ka ji kwano ko tiya ba, da derika da robar fenti ake awo. Derika gwangwanin tumatir ne babba, na shinkafa ɗaya zai yi maka ci huɗu in ba ka cika hannu ba. Kayan miya sun fi arha a Mile 12, inda motocin arewa ke sauke tumatir da albasa da tattasai, kuma da Hausa za ka yi ciniki. Amma zuwa can don cefanen mutum ɗaya asara ce, kuɗin mota zai cinye rangwamen. Ku haɗa kuɗi ku huɗu ko biyar, mutum ɗaya ya je sau ɗaya a mako biyu, ku markaɗa, ku tafasa har ruwan ya ƙone, ku soya da mai, zai yi kwanaki ba firji in ana ɗumamawa safe da dare. Na yau da gobe kuma kasuwar Bariga ko Oyingbo ta isa. Ƙaramar tukunyar gas mai kilo 3 takan kai mutum ɗaya mako uku zuwa huɗu in sau ɗaya yake girki a rana. Abin da ke shanye ta wake ne, don haka ka jiƙa shi tun dare. In a ɗakin makaranta kake, ka fara tambayar abin da aka yarda a yi girki da shi kafin ka sayi komai, don ana ƙwacewa.

Tsarin da dubu 25 za ta iya ɗauka shi ne kunu da ƙuli ko burodi da safe, girki ɗaya mai nauyi da za a raba rana da dare, garin kwaki a tsakani. Cin abincin sayarwa sau biyu a rana zai gama da kuɗin wata kafin ranar goma sha biyar. Gaskiya dai ko da girkin, dubu 25 ba za ta kai ka ƙarshen wata ba in ka haɗa da data da sabulu da kwafin takardu. Dole a samo ƙari.

Ƙofa ta farko ita ce bashin karatu na gwamnatin tarayya, NELFUND, wanda aka fara a 2024 don ɗaliban makarantun gwamnati. Suna biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, suna kuma ba ɗalibi dubu 20 duk wata in ya nemi na ɗawainiya. Ba ruwa a kansa, kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa ake fara cire kashi 10 na abin da mutum ke samu. Ana buƙatar lambar JAMB da NIN da BVN da shaidar zama ɗalibi, kuma sai makarantarku ta ɗora sunanka a wurinsu. Ka ga amfanin gyaran sunan nan. Ka nema da zarar an buɗe, amma kada ka sa kuɗin a lissafi sai ranar da ka ga alat, domin yakan yi jinkiri. Ka kuma yi rajista da hukumar tallafin karatu ta jiharku, ko da abin da suke bayarwa kaɗan ne kuma ba kullum ba. Manyan tallafi na kamfanonin mai da na sadarwa yawanci sakamakon shekarar farko ko ta biyu suke dubawa, wanda ke nufin makin da ka samu a aji ɗaya kuɗi ne.

Saboda haka ban so ka nemi aiki a zangon farko. Daga na biyu, ka nemi wanda ba zai wuce awa takwas zuwa goma a mako ba. Wanda ya fi dacewa da ɗan arewa shi ne koyarwa: iyalan Yarabawa Musulmi da yawa suna neman mai koya wa yara karatun Alƙur'ani Asabar da Lahadi, in kana da tilawa mai kyau limamin unguwa zai haɗa ka da su. Haka darasin lissafi ga masu shirin WAEC. Ka yanke kuɗin wata tun farko, ka zaɓi gidan da ƙafa za ta kai ka. Sai 'yar sana'ar kayan gida: kilishi, dabino, aya, zuma, huluna, turaren wuta, a aiko maka ta motocin da ke zuwa Mile 12 ko Agege. Ka fara da jarin da in ya narke ba za ka yi kuka ba, kuma kada ka ba ɗalibi bashi. 'Yan mata masu lalle da humra sukan samu fiye da haka lokacin bukukuwa. Acaɓa kuwa ka cire shi daga ranka. Tun 2022 aka hana shi a ƙananan hukumomi goma, ciki har da Lagos Mainland da Shomolu, wato daidai inda za ka zauna, kuma babur ɗin da aka kama murƙushe shi ake yi.

Akwai kuɗin da za su zo maka da sauƙi, su ne masu kai mutum ƙasa. Manhajojin bashi na waya za su ba ka dubu 10 cikin minti biyar, in ka makara kwana biyu su aika wa duk lambobin da ke wayarka, har da Baba da limaminku, cewa kai ɓarawo ne. Cacar ƙwallo tana kowane lungu. Masu cewa kawo dubu 20 ta zama 40 ba su ƙare ba tun MMM ta 2016. Wanda ya fi duka haɗari shi ne abokin da zai ce ka ara masa asusunka a turo masa kuɗi, ya ba ka wani abu a kai. In kuɗin na damfara ne, sunanka da BVN ɗinka ne a rubuce, kai EFCC za ta nema, shi kuwa ya canza layi.

Game da tafiyar kanta: manyan motocin da ke tasowa daga Kano da Kaduna sukan kwana a hanya, da dama kuma a Jibowu suke saukewa, wanda ke dab da Yaba. In kun iso cikin dare, ka zauna cikin tashar har gari ya waye. Kada ka hau tirelar kaya ko ta shanu don rage kuɗi, ran ka ya fi abin da za ka rage. Kaya jaka biyu sun isa. Bargo da rigar sanyi su zauna a gida. Ka zo da gidan sauro, lema, takalmin roba, da kaya marasa nauyi masu saurin bushewa, don a watan Yuni wanki kan kwana uku a igiya bai bushe ba, takalmin fata kuma ya yi fari da fumfuna a ƙarƙashin gado. Shadda kala ɗaya ta Juma'a ta wadatar.

A cikin gari, motar haya ita ce danfo, mai ruwan ɗorawa da baƙin layi. Ka tambayi kuɗi kafin ka hau, ka riƙe canji, don kwandasta na iya haɗa ka da wani fasinja a kan takardar kuɗi ɗaya ya ce ku je ku raba, motar ta wuce ta bar ku kuna neman mai canji. In za ka sauka ka ɗaga murya ka ce "o wa", in ka yi kunya sai an wuce da kai tasha biyu. Kuɗin mota yana tashi da safe, da yamma, da kuma duk lokacin da hadari ya haɗo. Ka sayi katin Cowry, da shi ake hawa dogayen motocin BRT da jirgin ƙasa, kuɗinsu kuma a ƙayyade yake. Kada ka tare motar da ba a tasha ta yi lodi ba, musamman da asuba ko bayan isha, ita ce ake ce wa wan-cans: fasinjojin ciki duk 'yan fashi ne, su karɓe waya su kwashe asusu su jefar da mutum. A cunkoson Oshodi ko kasuwar Yaba, jaka ta dawo gaba, waya ta shiga aljihun gaba, kuma kada ka latsa ta a bakin tagar mota. In kana da kwamfuta, rasit ɗinta da katin makaranta su kasance tare da kai, don ana tsayar da samari a tambaye su.

Za a kira ka aboki, za a kira ka malam, wani da wasa wani da raini. Kada ka tsaya amsa kowanne. Ka koyi gaisuwar Yarabanci da "nawa ne" da "don Allah" a makon farko, ka rusuna wa tsohuwar da ke gidanku, za ka ga yadda za ta riƙa kwashe maka shanya in ruwa ya sauko. Turancin buroka kuma zai shige ka da kansa cikin wata biyu.

Lafiya ita ce ramin da ba a sa shi a lissafi. Sauron Legas ba ya hutun rani. Ka yi rajista a asibitin makaranta a makon da ka gama biyan kuɗi, kana da lafiyarka, domin akwai inshorar ɗalibai a cikin abin da ka biya, amma in ba ka da katin asibiti ba za ta yi maka aiki ba ranar da zazzaɓi ya kayar da kai. In jikinka ya yi zafi a yi gwaji tukuna, in maleriya ce ka shanye maganin na kwana uku duka, kada ka ajiye rabi don gaba. Ruwan rijiya ko na burtsatsen gida na wanka da wanki ne. Na sha, ko ka tafasa, ko ku sayi fiyawota jaka guda mai ƙulli 20, ya fi arha nesa da sayen ɗaiɗai. An yi annobar kwalara a birnin a daminar 2024, saboda haka ka ajiye ƙullin gishiri da sukari na ORS guda biyar a jakarka. Lambobin gaggawa na jihar 112 da 767 ne. Ka rubuta su a takarda tare da lambar kawu da ta Baba, ka sa a aljihun da ba wayarka ke ciki ba.